Dokin da Bai San Yana da Ƙafafun Baya Ba

Kwana uku da kawo shi gida ya durƙusa da ƙanena a bakin kwalbatin da ke bayan masallacin unguwarmu. Ba gudu suke ba, ba kuma wani abu ne ya firgita shi ba. Sassarfa kawai suke, yaron ya ja linzami hagu zai sha kwana, sai dokin ya tafi gaba ɗaya a kan kafaɗarsa kamar buhun da ya zame daga amalanke. Gwiwoyinsa suka daki ƙasa, ƙanena ya bi ta saman wuyansa ya dira cikin yashi. Allah ya taƙaita, da 'yar ƙujewa a gwiwar hannu ya tashi. Dokin ma ya miƙe yana kakkaɓe kai, fatar gwiwarsa ta hagu ta saluɓe kamar faɗin murfin kwalba.

Kafin a kira magariba na ji fassara ta kai biyar. Wani ya ce baki ne, tunda ranar da aka sauke shi daga mota rabin unguwa ta fito kallo. Wani ya ce rashin kanwa ne. Wani maƙwabcinmu da ke ganin ya gaji sanin doki ya zagaya shi sau biyu, ya ce tun farko shi bai yarda da juyin gashin da ke wuyansa ba. Mafi yawa kuwa suka ce lalaci ne, a sa masa linzami mai nauyi a haɗa masa da ƙaimi, zai ɗaga ƙafa ko bai so ba. Yara ba su tsaya wata fassara ba, suka laƙaba masa Sarkin Tuntuɓe, sunan kuma ya bi shi har yau, duk da ni Bikili nake kiransa saboda launinsa.

A kasuwar Maigatari na saye shi, wata Alhamis cikin Nuwamban 2022, da kuɗin adashi da na gyaɗar da na sayar. Ni malamin firamare ne, ba attajiri ba, amma mahaifinmu ya riƙe doki har ya bar duniya, kuma tun rasuwarsa turken ke tsaye a gidan babu komai a jikinsa. Duk safiya sai na gan shi. Wanda ya sayar mini ya ce daga wajen Damagaram aka gangaro da shi, shekararsa uku da rabi, an fara hawansa. Na duba ƙirji, na duba ido, na ga yadda yake ɗaga wuya, zuciyata ta riga ta saya tun ba a yi ciniki ba. Bakinsa ne ban buɗe ba, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Baffana, ƙanin mahaifinmu, shi ya buɗe. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana kula da dawakin polo a Kaduna da Kano kafin ƙafa ta matsa masa ya dawo gida, kuma mutum ne da ba ya son yawan magana. Washegarin faɗuwar ya zo da sandarsa, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ɗaga leɓen dokin. Haƙoran tsakiya na sama sun fita, sababbi sun fara leƙowa, sauran duk na nono ne, ƙanana farare. Ya ce, "Malam, wannan ai shekara biyu da rabi ne. Na tsakiya a biyu da rabi suke faɗuwa, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. Sai ya shekara biyar bakinsa zai cika. Yaye ka sayo ka ɗora masa sirdi."

Na ce, "To Baffa, tuntuɓen fa? Me kuka gani?"

Bai amsa ba. Ya ce a miƙo masa tsintsiya. Ya sa ƙanena ya share yashin ƙofar gida, tsawon kamar taku ashirin, ya yi sumul babu sawun ko kaza. Sannan ya ce in kama ragama in ja dokin a miƙe, kada in waiwaya, kada in ja da ƙarfi. Da muka kai ƙarshe ya kira ni, muka tsuguna a kan sawun. Ya nuna mini da bakin sandarsa: ga kofaton gaba, mai faɗi, zagayayye; ga na baya, ya fi tsini kaɗan. Ya ce dokin da ke ɗauke da kansa, idan yana tafiya, ƙafar baya a cikin sawun ta gaba take sauka, ko ma ta ɗara shi. Na Bikili a ɓangaren hagu ta kusa kaiwa. A ɓangaren dama kuwa ta gaza da kusan tafin hannu, kuma ba a kan layi take sauka ba, can waje take faɗawa, kamar mai tafiya yana kauce wa taɓo. Sawun gaba na hagu ya fi kowanne nutsewa cikin yashi. Taku bayan taku, haka abin yake, babu inda ya canza.

Baffa ya ce, "Ka gani? Ta dama ta baya ba ta shiga ƙarƙashinsa, yawo take a gefe. Kayan da ya kamata ta ɗauka duk sun koma kan hagu ta gaba. Ka ja shi hagu da mutum a bayansa, ka ƙara wa mai kaya kaya. Dokin nan ba rago ba ne. Bai san yana da ƙafafun baya ba ne kawai."

Ya kuma sa na koma gefe na dube shi a tsaye. Sai a lokacin na lura kuturinsa ya fi tudun kafaɗarsa tsawo da kusan yatsu uku. Ashe haka duƙushi yake girma, baya ya riga gaba, daga baya gaban ya kamo. A wannan tsakanin kamar a kan gangara yake rayuwa, komai nasa gaba yake zubowa.

Sharaɗin Baffa guda ne: a rataye sirdi da linzami, kada wanda ya sake hawa sai ya ce. Kuma kafin a fara komai a kira likitan dabbobi, don idan ciwo ne a jijiya ko a ƙashi, duk wani horo wahalar banza ce. Likitan ya zo, ya lanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya sa an yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, ya ce babu ɗingishi. Ya yi masa allurar tetanus saboda raunin gwiwa, ya ba da maganin tsutsar ciki. Shi ne ya yi mini bayanin da ya zauna mini a kai. Ya ce ko lafiyayyen doki a tsaye, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, saboda kai da wuya. Kuma babu wani ƙashi da ya haɗa kafaɗarsa da gangar jikinsa kamar yadda yake a mutum, tsoka ce kawai ke riƙe da ƙirjin a tsakanin kafaɗun biyu, kamar an rataye ƙwarya a ragaya. Idan tsokar ba ta yi ƙwari ba, ƙirjin sai ya zube gaba. Ya ƙara da cewa ƙasusuwan doki daga ƙasa suke fara ƙosawa su hau sama: na gwiwa wajen shekara biyu, na gadon baya da gindin wuya sai shekara biyar zuwa shida. Wato inda muke ɗora sirdi shi ne na ƙarshen nuna.

Aikin farko bai ma shafi horo ba. Kofatansa sun yi zaƙo-zaƙo ta gaba, ga alama an daɗe ba a taɓa su ba, doguwar kofato kuwa ita kanta tana sa tuntuɓe, kamar ka sa wa yaro silifas ɗin babansa. Baffa ya kira mai gyaran kofato, ya tsaya a kansa, ya hana shi rage su a zama ɗaya. Kaɗan-kaɗan, duk mako shida. A nan ma muka ga wani abu: ƙafa uku ya yarda a ɗaga, amma da aka zo hagu ta gaba sai ya jingina da mutumin da dukkan nauyinsa har ya kusa danne shi. Ba taurin kai ba ne, ginshiƙinsa aka cire masa.

Na biyu shi ne turke. Mu a nan mun saba doki ya wuni ya kwana ɗaure da ƙafa ɗaya, ba ya zuwa ko'ina sai iyakar igiyarsa, a kwance shi da yamma a yi kilisa a dawo. Ga babban doki da ya riga ya ginu, wataƙila da sauƙi. Amma duƙushin da bai taɓa tsalle ya juya ya faɗi ya tashi da kansa ba, ina zai koyi inda ƙafafunsa suke? Na kewaye wani kango da ke bayan gidanmu da itatuwan darbejiya da zana, muka riƙa sakinsa a ciki wuni guda. Ranar farko ya ruga, ya zo kusurwa ya kasa juyawa, ya daki zanar da ƙirji. Cikin mako biyu ya daina.

Sannan aka shiga abin da Baffa ke kira aikin ƙasa. Kullum bayan sallar asuba, kafin in shirya makaranta, minti goma sha biyar, idan ya yi yawa ashirin. Hunturu ya kankama, hannu na ƙanƙarewa a kan igiya, Baffa na zaune a kan turmi ya lulluɓa da bargo yana ba da umarni. Mako biyun farko tafiya ce kawai da tsayawa. Na ɗauka wasa yake. Ni da na tashi a gidan doki za a koya mini jan ragama? Ashe ban iya ba. Ina gaba ina ja, dokin na baya yana miƙo wuya yana rataye a igiyar, wato ni da kaina nake ƙara jawo shi kan ƙafafun gaba. Baffa ya ce in koma daidai kafaɗarsa, igiya ta yi sako-sako, tsumagiya doguwa a ɗaya hannun tana nuna kuturi. Tafiya daga baya za ta taso, ba daga hanci ba. Idan zan tsaya, in fara miƙe jikina in rage taku, sai in bai tsaya ba in taɓa igiya. Da ya tsaya kuma, a take in saki.

Wannan sakin shi ne abin da ya fi ba ni wuya, kuma shi ne rabin aikin. Baffa ya ce doki ba daga ja yake koyo ba, daga saki yake koyo. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da ka sassauta, shi zai ɗauka ka nema. In ka makara da ƙiftawar ido biyu, ka yaba masa wani abin daban. Sau nawa na ji muryarsa daga kan turmi: "Saki! Ai ya ba ka, me kake riƙe da shi?"

Ya kuma tilasta mini ja daga dama. Duk wanda ya san doki ya san daga hagu ake kama shi, daga hagu ake ɗaura sirdi, daga hagu ake hawa. Bikili da ya gan ni a damansa sai ya rikice, ya riƙa ƙoƙarin mayar da ni inda ya saba ganina. Ni ma hannuna na hagu ya zama kamar ba nawa ba. Mu biyu duka bahagwai ne a wannan ɓangaren, muka yi ta karo da juna har yaran da ke leƙe ta katanga suka gaji da dariya.

Daga nan sai ja da baya. In tsaya a gabansa ɗan gefe, in girgiza igiya a hankali, in taɓa ƙirjinsa da tsumagiya. Da farko sai ya ɗaga kai sama, ya lotsa baya, ya ja ƙafafu cikin yashi kamar ana jan buhu. Baffa ya ce wannan ba a so, taku ɗaya mai kyau ya fi goma irin wannan. Mai kyau shi ne kai a ƙasa, ƙafafu suna tashi bibbiyu a gicciye, hagu ta gaba da dama ta baya tare, sannan ɗaya biyun. Ranar da ya fara yin uku a jere haka, na ga gadon bayansa ya ɗan taso, kuturinsa ya sunkuya, kamar mai shirin zama. Baffa ya ce, "To, yau ya gaisa da su. Mayar da shi." Ko minti bakwai ba mu yi ba ranar.

Sai maganin ita ƙafar mai yawo. In tsaya a damansa, in ɗan karkato hancinsa wajena, in taɓa haƙarƙarinsa daidai inda dugadugin mahayi zai sauka, in nemi kuturin ya matsa hagu. Abin da ake nema shi ne dama ta baya ta ɗaga ta gitta ta gaban 'yar'uwarta, ta shiga ƙarƙashin ciki. Kwana da kwanaki yana yi mini wayo, ya ja ta kusa da ɗayar ya ajiye, ko ya bi ta bayanta, ko ya taka kansa. A ɗaya ɓangaren kuwa tun rana ta biyu ya iya. Na so in riƙa yin wanda ya iya don in ji daɗi, Baffa ya ce biyu a mai wuya, ɗaya a mai sauƙi.

Abin da ya fi burge ni a dabarun tsohon nan shi ne gona. Ya ce a wajen aikinsa na da, sanduna ake jerawa a ƙasa doki ya riƙa tsallakawa. Mun gwada da azara huɗu, tazarar kamar santimita 80 don tafiya, Bikili ya yi ta kwankwasa su da kofato, ƙwas, ƙwas, har na fara jin tausayin azarar. Sai Baffa ya ce me ya sa za mu wahala, ga Allah ya jera mana nasa a bayan gari. An gama kaka, gonaki sun bushe, kunyoyi na nan a jere ɗaruruwa. Ya hana mu shiga gonar gero ko dawa saboda kututturen kara na iya soke shi, muka nufi gonar gyaɗata da aka cire tas. Ka ja doki a gicciyen kunya, dole ya dubi ƙasa, dole ya ɗaga kowace ƙafa ya zaɓi inda zai ajiye ta, kuma in ya yi kuskure ƙasa ce mai laushi zai tura, ba katako ba. Ranar farko ya rushe kusan kowace kunya da ya tsallaka. Na waiwaya na ga layin da muka bi kamar an ja garma. Bayan wata guda sai ka nemi inda muka bi ka rasa, in ba sawun da ke cikin kwari ba. Wuyansa ya sauko, ya riƙa huci a hankali, kunnuwansa na gaba. Ina jin a gonar nan ne ya fara jin daɗin aikin, ni ma haka.

Cikin Janairu muka fara zagaye da doguwar igiya. Baffa ya ce da'irar ta yi faɗi, kamar mita 20 daga gefe zuwa gefe, tunda igiyata ba ta kai ba sai in riƙa tafiya ina bin sa a ƙaramar da'ira ta tsakiya. A nan karkatarsa ta fito fili. In ya zagaya hagu, sai ya faɗo ciki da kafaɗa, da'irar na ƙanƙancewa, kansa na kallon waje, kamar ɗan acaɓa ya kwanto a kwana. In ya zagaya dama, kafaɗar nan dai ta hagu ita ke jan sa waje har igiya ta ɗaure tamau. Magani a hagu shi ne nuna masa tsumagiya a kafaɗa don ya koma waje. A dama kuwa a taɓa a saki, a taɓa a saki, kada a ba shi abin jingina. Ba yawan zagayen ke gyara ba, yawan canjin ne: tafiya, sassarfa taku goma, tafiya, tsayawa, tafiya. Kowane canji sai ya tattaro bayansa.

A nan ne na yi ɓarna. Cikin Fabrairu Baffa ya tafi ta'aziyya Haɗeja ya yi mako guda. Ni kuma na ga abu na kyau, na kalli wasu bidiyo a waya inda dawakin Turai ke sukuwa a da'ira kamar an zana su, na hau dokin zuciya. Na kai shi inda yashi ya fi zurfi, wai don ya yi ƙarfi, na tsaya wuri ɗaya da gajeriyar igiyata, na sa shi sukuwa. Kwana uku ina yi, kusan minti ashirin-ashirin, yana haɗa gumi ina murna. Safiya ta huɗu na tarar da wuyan ƙafarsa ta hagu ta gaba, sama da kofato, ya kumbura, da na dafa na ji zafi rau. Gwiwata ta yi sanyi.

Likita ya ce Allah ya rufa asiri jijiyar ba ta tsage ba, amma an kusa. Hutu, ruwan sanyi safe da yamma, tafiya a hannu kawai a kan ƙasa mai tauri. Mako uku ina tsugune ina kwarara ruwan randa a ƙafar doki da moɗa. Lokacin ne kuma ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo. Likita ya karɓi tiransifa, amma mai harawa ya ce shi bai san wannan zance ba, sai da na ba shi kwanon gero huɗu a madadin kuɗi. Baffa da ya dawo ya shafa ƙafar, ya je ya dubi ramin da'irar da muka haƙa a yashi, ya auna faɗinta da takunsa. Taku tara. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya naɗe igiyar ya saƙala a kafaɗa ya tafi da ita gidansa, sai bayan wata guda ya dawo da ita.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, ga zafin bazara, muka koma tafiya da ja da baya kawai bayan asuba. Da sallah ta matso sai surutu ya taso. Abokaina da muke bin tawagar hakimi suka ce wai na sayi doki na mayar da shi ɗan gata, ana ja masa igiya kamar ragon layya. Wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ya wuce shekara uku ba a sa masa linzami ba, ba zai taɓa zamiya ba. Ban iya ba shi amsa ba, sai na kai wa Baffa maganar.

Abin da ya faɗa mini ya canza yadda nake kallon hawan sallah gaba ɗaya. Ya ce in lura da kyau ranar jafi, lokacin da mahaya ke sako dawakai a guje su zo gaban sarki su ja su tsaya. Kashi biyu zan gani. Akwai dokin da linzami ke tsayar da shi: baki a wangame, kai a sama, ƙafafun gaba sun sandare suna dukan ƙasa, wani lokaci har da jini a dasashi, don linzaminmu na gargajiya mai zoben nan da ke zagaye haɓa ba abin wasa ba ne a hannun da bai iya ba. Akwai kuma dokin da da an taɓa shi sai ya shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin ciki ya zauna a kansu, gabansa ya yi sakayau, ƙura ta tashi daga baya. Ya ce, "Wannan na biyun shi ne zamiya. Na farkon birki ne kawai. Kuma zamiya ba a baki take ba, a kuturi take. Abin da kake yi kullum da asuba, shi kake ginawa." Ranar 21 ga Afrilun 2023 na je kallo a ƙasa, cikin 'yan kallo, karon farko da ban damu da rawani da alkyabba ba, ƙafafu kawai nake bi da ido. Na ga kashi biyun nan kuwa, kuma na farkon sun fi yawa nesa ba kusa ba. Babbar sallah ma a ƙasa na yi ta.

Da damina ta sauka aka shuke gonaki, sai muka koma burtali da wani tudun yashi da ke gabas da gari. Hawa a hankali, ba a barin sa ya ruga, don rugawa ita ce hanyar kauce wa aikin. Saukowa ta fi wuya: taku huɗu a tsaya, taku huɗu a tsaya, ya koyi riƙe kansa kada gangara ta kwashe shi. Daga baya har ja da baya taku biyu zuwa sama. A watannin nan ne cinyoyinsa suka cika, wani kwari da ke gaban kafaɗarsa ya shafe. Muka kuma fara tuƙa shi da igiya biyu, ɗaya ta kowane gefen ragama, ni ina biye a baya nesa da harbi, kamar mai huɗa da shanu. Wani mai shayi ya hango mu ya ɗaga murya ya ce, "Malam, an ce mai doki ya koma kuturi, kai ka ma wuce kuturin!" Na yi dariya don ya faɗi gaskiya. Amma a igiya biyun nan ne Bikili ya koyi tafiya a miƙe ba tare da kowa a gefensa ba, ya koyi shan kwana da dukkan jikinsa.

Cikin Nuwamba, shekara guda cif, haƙoransa na biyu suka fara girgiɗi. Baffa ya auna shi da sanda, kafaɗa ta kamo kuturi. Ya ɗaga hagu ta gaba ya riƙe, ya ce in ƙirga. Na kai arba'in dokin bai motsa ba, yana tsaye a kan ukun kamar an kafa shi. Sai ya ce a sauko da sirdi.

Shi ma a hankali. Jalala da majayi kwana uku, sirdi babu kowa mako guda ana zagayawa da shi, likkafu na kaɗawa. Sannan ƙanena, wanda ya fi ni rashin nauyi kuma yake da tsohon bashi a kansa, ya kwanta a kan sirdin da ciki, ya sauka, ya sake, kafin ya ɗora ƙafa. Da ragama aka fara, ina riƙe da igiya, daga baya Baffa ya kawo wani ƙaramin linzami mai gaɓa a tsakiya irin na 'yan polo. Abin da ban zata ba shi ne, da mutum ya zauna, sai karkatar ta dawo. Muka share yashi muka duba, ga dama ta baya can a gefe kamar ba a taɓa yin komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baffa ko a jikinsa, ya ce an ɗora masa sabon kaya ne, dole ya sake lissafi, a ci gaba da aikin ƙasa kwana huɗu, hawa kwana biyu, minti goma-goma. Wajen mako biyar ta koma layi.

A ƙaramar sallar 2024, ranar 10 ga Afrilu, Bikili ya fita. Ba mu shiga jafi ba, Baffa ya ce sai ya cika baki. A can ƙarshen tawaga muka tsaya, daga filin idi zuwa ƙofar hakimi, ni a sama, ƙanena na riƙe da shi a ƙasa kamar zagi. Da aka buga bindiga ya zabura gefe, na ji bayansa ya shige ƙarƙashina ya tare mu duka biyu, ya tsaya yana huci. A hanyar komawa muka bi ta bakin kwalbatin nan, ya sha kwanar hagu, yara na bin mu suna kiran Sarkin Tuntuɓe.

Washegari da asuba Baffa ya zo da sandarsa, ya ce a share ƙofar gida. Na ja dokin, muka dawo muka tsuguna. Hagu ta baya ta ɗara sawun gaba da yatsu biyu. Dama ta sauka a cikin sawun, amma gefenta ya ɗan leƙo waje, kamar faɗin yatsa.

Ya ce, "Gajiyar jiya ce. Ba shi kwana biyu, ranar Asabar ku koma tudu."

Ya miƙo mini tsintsiyar ya tafi.